Kyautar Hannun Yaro Ta Fi Furen Roba

Da zarar watan Fabrairu ya kama, za ka ga teburin ɗan koli a kasuwar Mayo-Oulo ya soma yin ja. Ga furen roba a cikin leda, ga katin gaisuwa mai rubutun Faransanci, ga 'yar tsana rungume da zuciya, in an danna cikinta ta yi ƙyalƙyalin wuta. Wasu kayan sun biyo hanyar Durbeye daga Mubi, wasu sun taso daga Garwa ta Gider. A gaban irin wannan tebur ne yarinya 'yar shekara shida take cijewa, ta riƙe gefen zanen uwarta.

"Inna, saya mini wannan, malamarmu zan kai wa."

"Da wane kuɗin? Bari sai babanki ya karɓi kuɗin auduga."

Ɗan koli ya sa baki, ya ce ai zai rage wa Hajiya. Hajiya ta ja hannun 'yarta suka wuce, yarinya tana waige tana share hawaye. Taku kaɗan daga nan masu ƙore ne da ludaya a baje, kusa da su mai faifai da mafici, can gaba kuma tela ya tara ƙyallayen atamfa a gindin kekensa yana jiran yaron shago ya kwashe ya zubar.

Niyyar yarinyar nan kyakkyawa ce, so take ta faranta wa wanda take ƙauna. Abin da ya dame ni shi ne hanya ɗaya tak ta sani ta yin hakan, wato saye. In babu kuɗi, a ganinta babu kyauta. Mu manya ne muka koya mata wannan karatu, kuma mu ne ya kamata mu gyara shi.

1. Mun horar da su a kan karɓa

Mu duba yadda yaro ke tashi a gidajenmu. Ranar Sallah a yi masa sabon ɗinki, a sa masa hula da takalmi, ya bi gida-gida yana "Barka da Sallah", a zuba masa 'yan sulalla a aljihu. Baba ya dawo daga kasuwa, a ruga a tarye shi da "Ina tsaraba?" Baƙo zai tafi, ya laluba aljihu ya ba yaran gida. A gidajen maƙwabtanmu Kirista ma haka abin yake lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara. Duk waɗannan al'adu ne masu kyau, kada wanda ya taɓa su. Sai dai a kowacce daga cikinsu hannun yaro a ƙasa yake, na babba a sama.

Yaro ya shekara goma bai taɓa ba kowa komai ba sai abin da aka aike shi da shi. Rana ɗaya ya girma, ya samu aiki a Garwa ko Yawunde, sai mu fara kuka: ba ya tunawa da gida, ba ya aike, ba ya zumunci. Yaushe muka koya masa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kyauta ɗabi'a ce da ake sabawa da ita, kamar yadda ake saba wa yaro da gaisuwa da wanke hannu kafin cin abinci.

To amma yaro ba shi da kuɗi. In ka ba shi sefa ɗari biyar ka ce ya sayo wa kakarsa sabulu, kyautarka ce ya kai, shi ɗan aike ne kawai. Abin da yaro ya mallaka na kansa shi ne lokacinsa da yatsunsa da tunaninsa. Kyautar da ta fito daga waɗannan ukun ita ce tasa ta gaskiya, kuma ita ce ke koya masa daɗin bayarwa.

2. Gardamar ranar masoya ta ɗauke mana hankali

Kowace shekara in 14 ga Fabrairu ta matso, sai a raba gari biyu. Malamai a masallatai su gargaɗi matasa cewa baƙuwar al'ada ce da ke buɗe ƙofar ɓarna, matasa kuma su ci gaba da aike-aikensu ta WhatsApp. Ni ina tare da masu cewa ba mu buƙatar aron rana daga Turai kafin mu nuna ƙauna. Zanen aro ba ya rufe katara. Ranar ta samo sunanta na Turanci ne daga wani waliyyin Kirista na zamanin daular Rum, kuma sai a ƙarni na 14 marubutan Ingila suka alaƙanta ta da soyayya. Ba tarihinmu ba ne.

Amma muna tsayawa a hani, ba ma kawo madadi. Mun ce wa yaro kada ya yi wannan, ba mu nuna masa abin da zai yi ba. Shi kuwa yana ganin kasuwa ta yi ja, yana ganin hotuna a wayar yayarsa, sai ya ɗauka cewa nuna ƙauna wani abu ne na Turawa da masu kuɗi.

Akwai darasi a wurin Turawan kansu. Wata mace Ba'amurkiya mai suna Anna Jarvis ce ta fara bikin ranar uwa a 1908 don tunawa da mahaifiyarta, kuma a 1914 shugaba Woodrow Wilson ya mai da ita ranar ƙasa. Ba a jima ba masu sayar da furanni da katunan gaisuwa suka mamaye bikin. Matar nan ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da su, tana ganin katin da aka buga a inji alama ce ta lalacin rubuta wa uwa wasiƙa da hannu. Ta rasu a 1948 ba ta yi nasara ba. Abin da ya ƙona mata rai shi ne yau ya iso teburin ɗan kolinmu, an ƙera shi a masana'antun ƙasar Sin, ya ratsa teku da iyakoki kafin ya zo hannun 'yar shekara shida.

Mu kuwa ranakunmu sun ishe mu. Ga ƙaramar Sallah da babba, ga Mauludi, ga ranar suna, ga saukar karatu, ga dawowar alhazai, ga ranar da aka sallamo Goggo daga asibiti. A makarantun boko ga makon matasa da ke ƙarewa da faretin 11 ga Fabrairu, ga ranar uwa a ƙarshen Mayu, ga ranar raba sakamakon ƙarshen shekara. Addini ma ya riga kowa, domin akwai hadisi a littafin Al-Adabul Mufrad na Imamu Buhari da ke kwaɗaitar da musayar kyauta saboda tana haifar da ƙauna. Bai ware babba da yaro ba, bai kuma sa farashi ba.

3. Abin da muka gada a wannan ƙasa

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Mutanen Fali, waɗanda ke zaune tun daga duwatsun Tingilin kusa da Garwa har zuwa Peske-Bori a nan yankinmu, suna da al'adar da ta shahara har a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Saurayi in ya yi baiko, da hannunsa yake haɗa wa budurwarsa 'yar tsana daga totuwar masara ko guntun icce, ya yi mata ado da duwatsun wuya da wuri da igiyar fata. Budurwa ta goya ta a baya, ta kula da ita, alamar alkawarin da ke tsakaninsu da fatan haihuwa, har ranar da Allah ya ba ta ɗa na gaske sannan ta adana ta. Masu tara kayan tarihi a ƙasashen waje suna biyan kuɗi masu yawa su mallaki irin wannan, mu kuma jikokin maƙwabtan masu ita muna sayen ta roba.

Dubi ƙwaryar matan Fulani. Mace ta zauna da ƙarfe mai zafi ko wuƙa tana zana ƙore layi-layi, ta jera su a ɗakin 'yarta ranar aure. Dubi hular da ake ɗinkawa da zare da allura, a ɗau makonni ana yi, a kai wa uba ko miji ko malami. Dubi allon zayyana da ake ƙawata wa ɗalibi ranar sauka, da tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro. Dubi faifan da kaka ke saƙa wa jikarta, mai launi uku, ta ce na rufe ƙwaryar furar angonta ne.

Yara ma suna da nasu. Wanda ya tashi a karkara ya san motar kara, da shanun laka masu tozo da ƙaho, da gilashin ido na ɓawon kara, da 'yar tsanar ƙashi ko ta totuwa da ake yi wa kitso da zare. Babu wanda ya buɗe makaranta don koyar da wannan, yaro na kallon yayansa ne ya koya. Yau wannan sarƙa tana tsinkewa, domin yayan yana kan waya, ƙanin yana leƙen kafaɗarsa. Fasahar tana nan a hannun tsofaffi, kayan aikin suna nan zube a bayan gida, zaman ne kawai babu.

4. Abin da baki ke jin nauyi, hannu na iya faɗa

Mu mutane ne masu kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, uba ba ya wasa da shi a gaban mutane, Bafulatani kuwa ya ɗauki kawaici a matsayin ƙashin bayan mutunci. Yaro zai girma bai taɓa jin an ce ana son sa ba, shi ma bai taɓa faɗa wa iyayensa ba. Ban ce a watsar da kunya ba, ado ce. Amma ƙaunar da ba ta da hanyar fita tana iya zama kamar babu ita a idon ƙaramin yaro.

A nan ne aikin hannu ke da amfanin da ya wuce wasa. Yarinyar da ba za ta iya buɗe baki ta ce wa babanta tana ƙaunarsa ba, za ta iya ajiye masa mafici a kan tabarmar sallarsa. Uban da ba zai rungume ta ba, zai iya ɗaukar maficin nan ya fita da shi majalisa, in an tambaya ya ce, "Aikin 'yar wajena ne." Magana ta isa inda za ta, kunya kuma ba ta zube ba.

Tsakanin jika da kaka kuwa ƙofa a buɗe take, tunda wasa ne ya haɗa su. Jika namiji ango ne a wurin kakarsa, jika mace amarya ce a wurin kakanta. A nan ya fi sauƙi a fara. Yaro ya murza wa kakarsa ɗan kasko na laka na ajiye goro, ya kai mata. Ita kuma ta karɓa tana tsiya: "Yau angona ya tuna da ni, ko da yake kaskon a karkace yake kamar mai shi." A yi dariya, ta sa masa albarka. Yaron nan ba zai manta da wannan rana ba, kuma zai so ya sake.

5. Me za a yi, da me, kuma a wane shekaru

Kayan aiki ba sa buƙatar kasuwa. Daga kaka zuwa bazara karan dawa da totuwar masara suna ko'ina. Yumɓu yana bakin kogi. Ragowar audugar da ba ta kai ma'aunin kamfanin Sodecoton ba tana maƙale a gona. Tela zai ba ka ƙyallaye kyauta, mai shago zai ba ka kwali. Ƙaro in an jiƙa shi ya kwana ya zama abin liƙi, haka ma kunun garin rogo mai kauri. Launi kuwa ga ruwan zoɓo, ga gangamau mai ba da rawaya, ga gawayi, ga jar ƙasa da farar ƙasa, ga shuni, ga lalle.

'Yan shekara uku zuwa huɗu ba su iya riƙe almakashi ba, amma suna da tafin hannu. A kwaɓa jar ƙasa ko lalle, yaro ya tsoma hannu ya danna a kan farar takarda ko farin ƙyalle. Babba ya rubuta sunansa da shekarar a ƙasa. Wannan kyauta ce ga uwa ko ga uban da ke ci-rani a Duwala, kuma bayan shekara ashirin babu abin da zai kai ta daraja a cikin akwati. Haka nan za su iya yayyaga ƙyallaye su liƙa a kwali yadda ransu ya so.

'Yan shekara biyar zuwa shida sun isa murza laka. Su yi kasko, ko ɗan murfi, ko abin ɗora turaren wuta, a shanya a inuwa don kada ya tsage, in ya bushe a shafa launi. Za su iya zira abin wuya ko na hannu da guntayen totuwar kara da aka rina, ko da 'ya'yan tsamiya da babba ya huda musu. Za su iya yi wa ƙaramin ƙoƙo ko ludayi zane da gawayi, sannan uwa ta bi sawun zanen da ƙarfe mai zafi ya zauna. Aikin ya zama na mutum biyu ke nan.

Daga shekara bakwai zuwa tara hannu ya fara nuna. Saƙar mafici da kaba, ɗinkin ƙaramar jakar carbi ko ta waya, firam na kara da za a sa hoton iyali a ciki, tsintsiya mai ɗaurin zare kala-kala. A wannan shekarun ne kuma ya kamata a haɗa da rubutu. Layi biyu sun isa, da ajami ko da boko, da Hausa ko Fulatanci ko Faransanci: "Allah ya ƙara wa Kawu lafiya." Yaron da ke ƙin rubutu a aji zai zauna ya gyara harafi sau uku in ya san Kawu ne zai karanta.

Masana tarbiyya sun daɗe da gane amfanin wannan. Likitar nan 'yar Italiya, Mariya Montessori, da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, ta gina koyarwarta ne a kan cewa ƙaramin yaro da hannu yake koyo. Zira zare a rami, murza laka, ninke takarda, su ne ke shirya yatsu riƙe alƙalami, su koya wa yaro haƙuri da kammala abin da ya fara. Iyaye a birane suna biyan kuɗi masu nauyi a makarantu irin nata don a yi wa 'ya'yansu abin da kakanninmu ke yi a gindin bishiya.

Ƙa'ida ɗaya ce ga babba: ka taimaka, kada ka ƙwace. Bari yaro ya zaɓi wanda zai ba, ya zaɓi launi, ya kai da kansa. In ka gyara masa komai har ya yi kyau, ka mai da shi ɗan aike kuma.

6. Hattara

Wasa da ƙananan yara yana son ido. Duk abin da ya kai ƙanƙantar shiga baki ko hanci ko kunne, kamar dutsen ado da 'ya'yan itace da maɓalli, a nisanta shi daga wanda bai kai shekara uku ba. 'Ya'yan idon zakara, masu ja da ɗigon baƙi, suna da kyau a ido amma guba ce mai kisa in an tauna, kada a yi abin wuya da su. Haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu. Ɓawon kara yana yanka kamar reza, don haka babba ne zai fere. Wuƙa da allura da ƙarfen zane mai zafi su tsaya a hannun manya. Kada a ɗebo gwangwanin maganin feshin auduga a ce za a yi mota da shi, ko an wanke. Kayan kasuwa ma ba su tsira ba, domin ƙaramin batir mai kama da maɓalli da ke cikin 'yan tsana masu wuta, in yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Wanda hakan ta faru da ɗansa ya garzaya asibiti, kada ya tsaya jiran ya fita da kansa.

7. Uzurorin da ake kawowa

Wani zai ce babu lokaci. Gaskiya ne uwa a karkara ba ta hutawa, daga rijiya sai murhu, daga murhu sai gona. Amma ba kullum ake nema ba. Yammaci ɗaya kafin Sallah ya isa, kuma ba dole sai uwa ba. Ga kaka zaune, ga yayye, ga uban da ke kwashe sa'o'i a majalisa bayan an gama girbi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, tarbiyya kuwa ba aikin mata kaɗai ba ce.

Wani zai ce abin da yaro ya yi ba shi da kyau, abin kunya ne a kai wa mutum. Wannan tunanin ne ya kai mu ga furen roba. Wanda aka kawo wa karkataccen kasko ya san ba kasko aka kawo masa ba, an kawo masa yinin yaro guda ne. Nauyi yana kan mai karɓa. Yaba kyauta tukuici. Kada ka yi dariyar raini, kada ka ajiye a inda za a share da safe. Yi amfani da abin a gaban yaron, ka sa masa albarka da sunansa. Kuma kada ka maida tukuicin kuɗi kowane lokaci, don kada ya ɗauka ciniki ne.

Wani kuma zai kawo batun siffanta mai rai da laka. Malamai da yawa sun yi sauƙi a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ga kasko, ga mafici, ga jaka, ga zanen ƙwarya, babu mai rai a cikinsu. Ƙofar tana da faɗi.

Kira

Ina kira ga iyaye a Mayo-Oulo da Durbeye da Dumo da Gider da duk inda wannan rubutu ya kai: kafin biki na gaba, ku tambayi kowane yaro a gida wa yake so ya faranta wa, sannan ku zauna da shi ya yi abin da hannunsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, a fara tun da sauran mako guda. Malaman firamare da na Islamiyya su ware darasi ɗaya a zango, su gayyato tsohuwa mai saƙar faifai ko dattijo mai sassaƙa ya nuna wa yara, a girmama shi kamar kowane malami. Ƙungiyoyin mata da masu unguwanni su sa baje kolin aikin yara cikin shagalin Sallah da na makon matasa. Mu kuma da za a kawo wa, mu karɓa da hannu biyu.

Ɗan da ya saba ba iyayensa abin hannunsa yana da shekara biyar, shi ne zai tuna da su yana da shekara arba'in. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa su zama masu jinƙai da zumunci.